Karkataccen harafi mai kaurin ƙafa: yadda ake zana shi da inda ya dace a shafi

Wani mai tsara shafukan mujalla ya aiko da tambaya yana cewa ya zaɓi haruffa masu kaurin ƙafa (ƙafa a nan ita ce ɗan layin da ke kwance a ƙarshen sandar harafi), waɗanda masu sana'ar ke kira silab sarif, don rubutun mujallarsa, kuma tsayayyun haruffan sun yi masa kyau ƙwarai, amma duk lokacin da ya karkata wata kalma sai ya ga layin ya ɓaci. Yana so ya san ko aibin na irin waɗannan haruffa ne baki ɗaya, ko kuwa akwai karkatattun da aka zana da kyau, sannan in akwai, a waɗanne wurare ya kamata edita ya sa su.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma dalilinsa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Karkataccen harafi, wato italik, da harafi mai kaurin ƙafa ba tsatso ɗaya suka fito ba, don haka duk wanda zai haɗa su a jiki ɗaya sai ya sasanta halaye biyu masu ja da juna. Italik ɗan alƙalami ne. A birnin Venis na Italiya, a shekarar 1501, mai ɗab'i Aldus Manutius ya fitar da ƙananan littattafai da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa masa bisa kwaikwayon rubutun hannun malaman zamanin, rubutun da alƙalami ke gudu a cikinsa ba tare da an yawaita ɗaga shi daga takarda ba. A lokacin italik salo ne mai zaman kansa da ake buga littafi sukutum da shi, manyan haruffansa ma a tsaye suke, kuma sai daga baya masu ɗab'i suka mayar da shi mataimakin tsayayyen harafi. Shi kuwa mai kaurin ƙafa ɗan talla ne. Ya bayyana a Landan cikin littafin samfurin Vincent Figgins mai ɗauke da shekarar 1815, a zamanin da 'yan kasuwa ke bukatar haruffan da za a hango daga nesa a takardun da ake mannawa a bango. An yi ta kiran irinsa da sunan Masar, domin a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Nafoliyon a can jama'ar Turai sun shagala da duk abin da ya shafi ƙasar, ko da yake haruffan ba su da wata alaƙa da rubutun Misirawa. Gina shi aka yi kamar yadda ake gina bango: sanda a tsaye, ƙafa a kwance mai kauri kusan daidai da sandar, komai a dafe da ƙasa.

To, ka ga inda wuyar take. Aikin ƙafa mai kauri shi ne ta kafa harafi ta hana shi motsi, aikin italik kuma shi ne ya sa harafi ya yi gaba kamar ana rubuta shi yanzu. Shi ya sa da yawa daga cikin masu kaurin ƙafa na farko suka daɗe ba su da italik, kuma ba wanda ya ga giɓi, tunda ba don doguwar magana aka yi su ba. Salon Clarendon, wanda Robert Besley ya yi wa rajista a Landan a 1845, ya yi suna ne a matsayin baƙin harafi mai nauyi da ake tsarmawa cikin siririn rubutu don a fito da kalma, kamar kalmomin da ke buɗe bayani a ƙamus. Ma'ana shi kansa aikin jaddadawa yake yi, aikin da italik ke yi ta wata hanyar. A tsakiyar ƙarni na 20 an samu masu zane kamar Aldo Novarese, wanda ya fitar da Egizio a Italiya cikin shekarun 1950, waɗanda suka ba irin wannan salo italik na sosai. Ko a 2009, lokacin da kamfanin Hoefler da Frere-Jones ya fitar da Sentinel, babban abin da aka yi ta yabawa shi ne cewa ga salon Clarendon da italik a kowane mataki na nauyi.

Hanya biyu masu zane suke bi, kuma ya kamata ka iya rarrabe su da ido kafin ka zaɓi komai. Ta farko ita ce a ɗauki tsayayyen harafin yadda yake a jingina shi dama, ba tare da an sauya siffarsa ba. Wannan shi ake kira oblik, ni kuwa ina kiransa jinginanne. Haruffan da aka gina da da'ira da miƙaƙƙen layi, irin su Memphis na Rudolf Wolf da ya fito a Jamus a 1929, da Lubalin Graph na 1974, sun fi karkata ga wannan hanya, haka ma Courier, harafin tafireta da aka zana wa kamfanin IBM a tsakiyar shekarun 1950. Ta biyu ita ce a koma wa alƙalami a sake zana kowane ƙaramin harafi daga tushe, a bar masa nauyi da launin ɗan'uwansa tsayayye amma a ba shi ƙashin rubutun hannu.

Akwai kuma abu na uku wanda ba zane ba ne sam, kuma ina kyautata zaton shi ne ya ɓata maka shafi. Idan salon da ka zaɓa ba shi da italik, sai ka danna maɓallin karkatarwa, manhajoji da yawa ba za su gaya maka babu ba, za su tura haruffan gefe ne kawai da lissafi. Roboto Slab, wanda ake samu kyauta kuma ya bazu a shafukan intanet, ba shi da italik, saboda haka duk inda ka gan shi a karkace na'ura ce ta tanƙwara shi. Yana da kyau ka san abin da wannan turi yake yi wa harafi, domin da zarar ka sani ba za ka ƙara kasa gane shi ba. Layukan da ke kwance ba sa rasa kaurinsu, amma sandunan tsaye suna ɗan sirancewa, sai ƙafafun su rinjayi sandunan da ya kamata su ɗauke su. Layin da ya riga ya karkata dama yana ƙara tsawo ya sirance, wanda ya karkata hagu kuma yana gajarcewa ya kumbura, shi ya sa hannu biyu na v da w da x suke fitowa ɗaya ƙato ɗaya ramamme. Harafin o yana kumbura a sama ta dama da ƙasa ta hagu, ya tsuke a sauran kusurwoyin biyu, kamar ƙwai da aka matse. A siririn salo mai bambancin kauri da siranta ido yakan yafe wannan, domin dama layukan ba daidai suke ba. A salo mai kaurin ƙafa, inda alkawarin harafin shi ne kusan ko'ina kauri ɗaya, babu inda aibin zai ɓuya. Jinginannen da ƙwararre ya zana ya bambanta da wannan domin ya bi kowace lanƙwasa ya gyara ta da hannu bayan an karkata ta.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan italik na gaskiya, domin nan ne gwanintar take. Ɗauki harafin n. A tsaye yana da guntuwar ƙafa a sama ta hagu, da cikakkun ƙafafu biyu a ƙasa, kowace ta miƙa hagu da dama. Idan aka bar waɗannan duka a italik, wanda bisa al'ada ya fi tsayayye tsukewa, ƙafafun za su kusa haɗewa su toshe farin da ke cikin harafin, layin ya cika da baƙaƙen tubala. Mai zane nagari yana rage su. Yakan bar ta sama a matsayin mashigar alƙalami, a kwance kuma da kaurinta don a san dangin da harafin ya fito, ya cire ta ƙarƙashin sandar farko gaba ɗaya, ta ƙarshen kuma ya mayar da ita mafita mai fuskantar dama kawai, wadda ke miƙa ido ga harafi na gaba. Wasu suna lanƙwasa mafitar sama kamar jelar rubutun hannu, wasu suna barin ta a miƙe da kusurwa, kuma wannan zaɓi ɗaya shi ke yanke hukuncin ko italik ɗin zai yi taushi ko zai yi tsauri. Haka kuma bakan n da m da h yakan tashi daga ƙasa-ƙasan sandar, kamar yadda hannu ke hawa ba tare da ya ɗaga alƙalami ba, maimakon ya fito daga kusa da sama yadda yake a tsayayye. A wannan mahaɗa dole a sirantar da layi ko da salon na kauri ɗaya ne, in ba haka ba tawada ta taru wurin ta zama dunƙule. Sannan a yakan zama mai ciki ɗaya irin na rubutun hannu, f yakan zura jela ƙasan layi, e ya zama zagayayye, v da w da y su sami lanƙwasa. Manyan haruffa su ne ba sa sauyawa sosai: ana karkata su a gyara, a bar musu ƙafafunsu.

Akwai dalilin da ya sa na fi matsa wa wannan sauyin siffa a masu kaurin ƙafa fiye da sauran salo. A tsofaffin haruffan littafi italik yana fita daban ta hanya uku lokaci ɗaya: ya karkata, ya tsuke, ya kuma fi sauƙin nauyi. A salo mai kaurin ƙafa ba a so italik ya yi haske da yawa, domin an zaɓi salon ne saboda ƙarfinsa, kuma kalmar da ta kode a tsakiyar baƙin layi tana kama da kuskuren ɗab'i. Tunda nauyi ba zai taimaka ba, siffa ce za ta ɗauki kayan. Karkata kaɗai ba ta isa ta sa mai karatu ya lura da kalma ɗaya a rubutu ƙanana, musamman gajeriyar kalma mai haruffa biyu ko uku. Hujjar da nake kafawa kullum ita ce Joanna na Eric Gill, na farkon shekarun 1930, wanda italik ɗinsa bai wuce karkatar kusan digiri 3 ba, amma ba mai ruɗa shi da tsayayyen, saboda tsukewarsa da siffar haruffansa. A nawa ra'ayin, italik mai kaurin ƙafa da za a yi doguwar hulɗa da shi ya fi zama lafiya idan karkatarsa ba ta kai ta tsofaffin italik ba, domin duk yadda aka ƙara kwantar da sanda, kusurwar da take yi da kwantacciyar ƙafa tana ƙara tsini, tsinin kuma yana cika da tawada a takarda ko ya dushe a fuskar waya.

Wanda ya nuna wa duniya cewa wannan sasanci mai yiwuwa ne har a cikin littafi shi ne Peter Matthias Noordzij na ƙasar Holan, da salonsa PMN Caecilia da ya fito a farkon shekarun 1990. Ya gina tsayayyen da italik ɗin duka a kan ƙashin rubutun alƙalami, ya kuma riƙe kaurin kusan bai ɗaya. Miliyoyin mutane sun karanta littattafai da shi ba tare da sun san sunansa ba, domin shi ne harafin da na'urar karanta littattafai ta Kindle ta daɗe tana buɗe littafi da shi kafin a kawo salon Bookerly a 2015. A fagen jarida kuma, lokacin da Guardian ta Ingila ta sauya girman takardarta a 2005, Paul Barnes da Christian Schwartz sun zana mata Guardian Egyptian, babban iyali mai matakan nauyi da yawa tare da italik ɗinsu. Archer, wanda aka fara zanawa don mujallar Martha Stewart Living, ya bi wata hanyar: ya sa dunƙulallun kawuna a ƙarshen layuka, abin da ya ba italik ɗinsa fara'a. Adelle na kamfanin TypeTogether, na 2009, an yi shi ne musamman don jaridu da mujallu. A cikin na kyauta, Zilla Slab da aka yi wa kamfanin Mozilla a 2017 da kuma Bitter suna da italik da aka zana da hannu.

Game da inda za ka sa shi, aikin farko shi ne wanda kowane italik ke yi a cikin jimla: sunan littafi ko jarida ko fim, sunan kimiyya na tsiro ko dabba, kalmar wani harshe da ba ta riga ta zama 'yar gida ba, da kalmar da marubuci ke so a ɗaga murya a kanta. A nan ba ka da zaɓi, dole salon rubutunka ya zo da italik na gaskiya, shi ya sa nake cewa a duba italik kafin a yanke shawara a kan tsayayyen. Tsoffin marubuta da suka yi aiki da tafireta suna ja wa kalma layi a ƙasa ne don su gaya wa mai jera haruffa ya sa ta a italik, saboda haka jan layi madadi ne na lokacin rashi, kuma bai kamata ya bayyana a shafin da aka gama tsarawa ba.

Inda italik mai kaurin ƙafa ya fi sauran italik nesa shi ne wuraren da ake bukatar murya ta biyu wadda ba ta da rauni. Gajeriyar gabatarwar da ake sawa tsakanin kanun labari da jikinsa ita ce misali mafi kyau. Layi biyu ne ko uku, da girma matsakaici, kuma aikinta ta jawo mai karatu daga ihun kanu zuwa natsuwar labari. Siririn italik yakan ɓace a ƙarƙashin ƙaton kanu, tsayayye kuma yakan yi kama da farkon labarin, amma italik mai kaurin ƙafa yana da jikin da zai tsaya kusa da kanu, yana kuma da motsin da ke nuna cewa edita ne ke magana. Haka yake ga zancen da ake cirowa daga cikin labari a ƙara masa girma a tsakiyar shafi: tunda maganar bakin mutum ce, siffar rubutun hannu ta dace da ita, kuma a wannan girman ne mai karatu ke ganin kyan mashiga da mafitar haruffan. A hira, sa tambayoyi a italik da amsoshi a tsaye yana raba muryoyin biyu ba tare da an yi ta maimaita sunaye ba. Wasu jaridu suna ware karkataccen kanu ga sharhi da ra'ayi, tsayayye ga labari, kuma wannan al'ada ce mai amfani matuƙar an riƙe ta a kowace fitowa, domin da zarar an karya ta sau biyu ko uku ta daina gaya wa mai karatu komai.

Bayanin hoto yana bukatar a yi masa magana ta daban. Yawanci da ƙananan haruffa ake sa shi, wani lokaci fari a kan hoto mai duhu, kuma a nan ne siraran layukan italik na gargajiya ke mutuwa: tawadar da ke kewaye tana malalowa ta cinye su, musamman a takardar jarida mai shan tawada, ko kuma idan launukan ɗab'i ba su hau kan juna daidai ba. Italik mai kaurin ƙafa ba shi da siririn layin da za a cinye. Duk da haka, in za ka sa shi fari a kan duhu, ka ƙara masa nauyi mataki ɗaya, ka kuma ɗan buɗe tazarar haruffan.

Wuraren da zan hana ka ba su da yawa. Kada ka jera dogayen sakin layi da shi, domin tsukewa da karkata da kauri in sun haɗu suna gajiyar da ido bayan layi biyar ko shida. Doguwar maganar da aka ɗauko daga wani wuri ta fi kyau a tsaye, a ɗan shigar da ita ciki. Kada ka rubuta kanu da manyan haruffa zalla a karkace ba tare da ka buɗe tazara ba, domin ƙafafun maƙwabta suna cin karo. Alƙaluman da ke cikin jadawali a bar su a tsaye don su hau kan juna. Mai nauyi kuma karkatacce, wanda shafukan wasanni ke so saboda yana nuna gudu da ƙarfi, kalma uku ko huɗu yake ɗauka, kuma bai dace da labarin rasuwa ko bala'i ba. Idan kana cikin jimlar da take italik kuma ka zo kan sunan littafi, sai ka mayar da sunan tsaye, ba ka ƙara masa nauyi ba.

Wani abu da masu rubutu da Hausa ba za su tsallake ba shi ne haruffa masu ƙugiya. Salo da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wasu kuma suna da su a tsayayye amma babu a italik, sai manhaja ta aro su daga wani salon, ka ga baƙon harafi siriri a tsakiyar kalma. Ko da suna nan, sai ka duba zanensu da kyau. A salo mai kaurin ƙafa, kan sandar b da d da k yana ɗauke da guntuwar ƙafa mai kauri ta hagu, ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ kuma tana lanƙwasawa dama ne a daidai wannan wuri. A ƙananan haruffa, idan ƙugiyar ta yi gajarta, bambancin da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko dauka da ɗauka, yana iya komawa ɗan ɗigon da ido ba zai kama ba. Karkata tana ƙara tura ƙugiyar ɗ cikin harafin da ke biye da ita, don haka ka gwada ta kusa da i da u da kuma wata ɗ ɗin, kamar a cikin haɗaɗɗe ko ɗaɗɗaure.

Kafin ka sayi lasisi ko ka ɗaure mujallarka da wani salo, ka ɗauki sakin layi na gaske daga rubutun da za ku buga, ka sa kalma guda a italik a tsakiyarsa, gajeriya, sannan ka sa sunan littafi mai kalma huɗu ko biyar a wani layin. Ka buga shi a irin takardar da za a yi aikin da ita, da girman da za a karanta shi, ka kuma buɗe shi a waya. Ka riƙe takardar a nisan karatu ka ga ko idonka ya tsinci gajeriyar kalmar ba tare da ka neme ta ba, sannan ka nisanta ta ka ɗan runtse ido ka ga ko wurin italik ɗin ya yi duhu ko haske fiye da kewayensa. Kana so a gane shi a gwajin farko, ya kuma saje a na biyu. Bayan haka ka ƙara girman a da f da n da ƙ ka dube su ɗaya bayan ɗaya: in a tana nan da siffarta ta tsaye, f ba ta sauko ƙasan layi ba, n kuma tana tsaye a kan cikakkun ƙafafu biyu, to jinginanne ne a hannunka, sai ka ajiye shi don kanu da gajerun alamu, ka nemi wani salon don jikin rubutun.